Darbejiyar tsakar gida: abin da take ƙara wa kuɗin gida da abin da take rage masa

Bayan Wad Madani ta ƙasar Sudan ta dawo hannun sojojin gwamnati a watan Janairun 2025, mutane suka fara komawa, cinikin gidaje ya sake motsawa. Wasu na sayarwa don sun riga sun kafu inda gudun hijira ta kai su, wasu kuma da suka gaji da haya suna neman inda za su ajiye iyali. Kawuna yana cikin waɗannan. Ya aiko mini a garin Mai Wurno in zo in raka shi, muka bi simsar, wato dillalin gidaje, ya kai mu gida biyu a layi ɗaya, girmansu ɗaya, ginin jan bulo duka, rufin kwano duka. A na farko akwai ƙatuwar darbejiya, wadda a nan ake ce wa nim, ta rufe rabin hosh, wato tsakar gida, da inuwa. A na biyu babu komai sai kututture, an sare itacen an dafa abinci da shi lokacin da gas ya ɓace.

A gidan farko simsar ya ɗaga kai ya ce, "Ya Hajji, wannan itacen kaɗai ɗaki ne." A na biyu ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Nan babu saiwar da za ta taɓa maka bango." Kuɗin da aka sa wa gidajen kusan ɗaya ne. Da muka fito Kawu ya ce mini, "To ɗan nan, kai da ka yi karatu, wanne ne gaskiya a ciki?" Na ce, "Kawu, duka biyun gaskiya ne, sai dai mu duba wadda ta fi nauyi a wannan ƙasar da muke tsaye a kai." Abin da na zauna na warware masa a kwanakin da suka biyo baya shi nake son in shimfiɗa a nan, domin tambayar tana gaban mutanenmu da yawa, daga Madani har Sinnar, Sinja, Gadarif da Kasala.

Inda aka fi auna wannan batu da lissafi shi ne Amurka. A garin Athens na jihar Jojiya an bi cinikin gidaje 844, aka wallafa sakamakon a 1988: gidajen da ke da bishiyoyi a gabansu sun fi takwarorinsu kuɗi da kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari. A birnin Portland kuwa, binciken da ya fito a 2010 ya nuna bishiyar bakin titi tana ƙara wa gidan da take gabansa dala 8,870 a matsakaici, kuma gidan yana rigan wasu samun mai saye da kusan kwana biyu. Waɗannan alƙaluma na gaskiya ne, amma na can ne. A can mutum gida yake saye ya shiga yadda ya same shi, banki ya aiko mai kimantawa ya duba har ciyawar ƙofar gida. Duk wanda ya ɗauko kashi huɗu cikin ɗari na Jojiya ya ɗora wa gida a Gadarif ya yi kuskure, kama da wane ba ta wane.

A Sudan ƙasa ake saye kafin gini. Abin da ke yanka farashi shi ne unguwa, da darajar fili, ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, da yawan mita, da ko filin nasiya ne, wato yana kan kusurwa da titi biyu, da ko yana kallon kwalta, da ko takardarsa tsaf take. Shahadar bahas, takardar shaidar mallaka da ake karɓowa daga ofishin rajistar filaye, tana faɗin lambar fili da murabba'in da yake ciki da faɗinsa da sunan mai shi. Ba ta da layin bishiya. Saboda haka da wuya ka ji simsar ya ce gida kaza ne, itace kaza ne. Darajar itacen tana shiga ta bayan gida: tana sa mai saye ya ƙi tashi daga ciniki, tana sa matarsa ta ce wannan nake so, tana sa mai gida ya iya tsayawa kan farashinsa ba tare da ya sauko ba. Kuma duk wannan ya dogara da wanda ya zo saye. Mai niyyar rushewa ya ɗora bene, itace a wurinsa aiki ne, sai ya biya masu sara da masu tono kututture, don haka zai rage kuɗin daga tayinsa. Mai niyyar zama da iyali, irin Kawu, shi ne wanda inuwa ke da farashi a wurinsa.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi wuya ya gane dalilin da simsar ya kira itace ɗaki. Gidan Sudan rabinsa a waje yake. A hosh ake fitar da angareb, gadon igiya, a kwana yawancin shekara, a nan ake shan jabana, wato gahawa, da hantsi, a nan mata ke tsince wake, yara su yi karatun allo, a nan ake ajiye zir, tulun da ruwansa ba ya sanyi sai yana cikin inuwa da iska. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 kusan kullum a Khartum da Madani, ɗaki mai rufin kwano ya zama tanda daga azahar har bayan isha. Gidan da babu itace dole a yi masa rakuba, rumfar kara ko ta kwano. Ta kara tana son sabuntawa, ta kwano kuwa tana tare rana amma tana zubo zafinta a kan wanda ke ƙarƙashi. Inuwar itace ta bambanta domin ganye yana fitar da ruwa yana sanyaya kansa, aikin da mukayyif na ruwa, na'urar sanyaya ɗaki, yake yi da wutar lantarki shi itacen ke yi ba tare da waya ba. A shekarun nan da wuta ke ɗaukewa na sa'o'i, wani lokaci na kwanaki, wannan bambanci ya daina zama na jin daɗi kawai, ya zama na lafiyar tsofaffi da jarirai.

Sai dai inda itacen yake tsaye shi ne rabin darajarsa. A birnin Sakramento na Amurka an duba takardun wutar gidaje 460, aka ga bishiyoyin yamma da na kudu suna rage wutar bazara da kusan kashi 5 cikin ɗari, na arewa kuwa ba su rage ba, har sun ɗan ƙara. A wurinmu batun kudu ba haka yake ba. Madani tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, saboda haka a lokacin zafi bangon kudu da na arewa ba su ke shan wuya ba. Rufi ne, sai bangon yamma, wanda ranar la'asar ke dukansa kai tsaye, ya haɗiye zafin ya riƙa sakinsa cikin ɗaki da dare. Itacen da ke yamma da ɗakin kwana, nesa kaɗan, shi ne mai tsada. Na gabas yana biye. Wanda ya toshe tagogin arewa da kudu kuwa ya rage wa gida, domin magina a nan suna buɗe tagogi ta waɗannan ɓangarori ne don iskar arewa ta lokacin sanyi da iskar kudu ta damina su ratsa ɗaki. Akwai kuma itacen da aka dasa a kusurwar da duk inuwarsa ke faɗawa gidan maƙwabci ko kan titi a lokacin da ake bukatarta, inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. A je duba gida da la'asar, ba da safe ba, a tsaya a ga inda inuwar ta kwanta.

Wani sabon abu ya shigo lissafin, farantan sola. Gidaje da yawa yanzu da su suke samun fitila da fanka da cajin waya, kuma reshe ɗaya da ya inuwantar da gefen faranti yana rage wutar dukan jerin fiye da girman inuwar. Mai saye da ke da niyyar sa sola ya duba ko akwai wani sashe na rufi da rana ke samu daga hantsi zuwa la'asar.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wadda ta sa simsar ya buga ƙafa a ƙasa. Daga Jazira zuwa Sinnar, Gadarif, Damazin da wasu unguwannin Khartum, ƙasar baƙar laka ce, irin wadda mutanen Borno ke kira firki. Ita ce ta sa auduga ta yi albarka a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ita ce ta sa Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi, kuma ita ce abokiyar gabar magini. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura, idan ta bushe sai ta tsuke ta dare, har ka ga tsagar da hannu ke shiga, zurfinta ya kai mita ko fiye. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana aiki a kan ɓarnar da wannan ƙasa ke yi wa gidaje da tituna. Gini ba ya tsagewa don ƙasa ta motsa, yana tsagewa ne don wani gefe ya motsa wani bai motsa ba. Itace kuwa yana cikin manyan masu kawo wannan bambanci.

Mutane suna ɗauka saiwa ce ke tura harsashi da ƙarfi ta fasa shi. Hakan na faruwa ga katanga mara nauyi da daɓen siminti, amma ɓarnar da ta fi yawa ta ruwa ce, kuma ta fuska biyu take zuwa. Lokacin da itacen yake ƙarami, ana zuba masa ruwa safe da yamma a jikin bango, lakar wannan gefen ta kumbura ta ɗaga kusurwar ɗaki. Idan ya girma kuma sai abin ya juya: babban itace a ranar zafi yana iya zuƙe ɗaruruwan litoci daga ƙasa, ganga guda ko fiye, lakar gefensa ta bushe ta tsuke fiye da ta sauran gidan, kusurwar ta sauka. Alamar ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Tsaga ce mai tafiya a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, tana kusa da kusurwar da ke wajen itacen, tana buɗewa da rani ta rufe da damina. Ƙofa da taga na wannan gefen sukan ƙi rufuwa a wani lokaci na shekara su koma daidai a wani. Tsagar da ta miƙe siririya a jikin shafe kawai, wadda ba ta canjawa, yawanci ba ta itace ba ce. Kuma kafin a ɗora wa itace laifi a duba famfo da magudana, domin bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ko ruwan wanka da ke kwanciya a gindin bango suna yin ɓarna iri ɗaya.

Irin ginin ma yana da magana. Gidan jalus, ginin ƙasa, yana tsagewa amma gyaransa laka ce da hannu. Ginin kankare da aka nutsa ginshiƙansa ƙasa sosai, aka ɗaure su da ɗamara, ba ya jin motsin saman ƙasa ƙwarai. Wanda ke shan wahala shi ne na tsakiya, jan bulo a kan harsashi mara zurfi, kuma shi ne gidan yawancin mutanenmu.

A Ingila, bayan farin 1976 ya tsattsage gidaje da yawa da ke kan laka, magina suka riƙe wata ƙa'ida mai sauƙi: itace mai yawan shan ruwa ya yi nesa da gini gwargwadon tsayin da zai kai idan ya girma. Darbejiya tana kai mita 15 zuwa 20. Filin daraja ta uku kuwa galibi tsakanin murabba'in mita 200 ne da 400, a ce mita 15 a 20. Kowa ya ga ƙa'idar ba za ta shiga wannan fili ba. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar hana dasa itace ba, na ɗauke shi hujjar yin dabara tun ran gini, ran zane. Babban itace ya tafi kusurwar hosh mafi nisa da ɗakuna, ko ƙofar gida a wajen katanga. A riƙa yi masa aski duk shekara ko biyu, domin yawan ganye shi ne yawan ruwan da yake sha. A yi daɓe mai gangara kewaye da ɗakuna don ruwa ya gudu daga bango. Kusa da gini kuwa a sa ƙananan itatuwa. A ƙasa mai yashi ko tsakuwa, irin ta wasu sassan Umdurman da arewa, wannan damuwa ta ragu sosai, itacen da zai zama barazana a Madani can ba ya motsa komai.

Abin da ya fi ba Kawu mamaki shi ne da na ce masa gidan kututture bai kuɓuta ba. Itacen da ya yi shekara ashirin yana busar da laka, ran da aka sare shi sai ƙasar ta fara mayar da ruwanta, damina bayan damina, tana kumbura a hankali, ta ɗaga gefen da ya saba zama a ƙasa. Wannan motsi yana iya ɗaukar shekaru, kuma ɗagawa ta fi sauka wahalar magani. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya sa an sare itatuwan gidaje da na tituna ba adadi, ba don mugunta ba, mutane sun rasa gas da gawayi ne. Gidaje da yawa da ake tallatawa yau da cewa babu saiwa a cikinsu, ƙasarsu tana kan motsi. Ga kuma kututturen da ke ruɓewa a ƙasa yana kiran gara, wadda daga nan take bi ta kai ga ƙofofi da katakon rufi. Mai sayen irin wannan gida ya tambayi yaushe aka sare, wane irin itace ne, nawa ne nisansa da bango.

Ba kowane itace ne itace ba a wurin ciniki. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ta shigo Sudan a zamanin mulkin Ingilishi, amma ta zama 'yar gida har ba a tuna baƙuntarta. Tana jure fari, ba ta zubar da ganye duka a lokacin da ake bukatar inuwa, akuya ba ta cika damunta ba, idan ta kafu ba ta neman ban ruwa. Alhazanmu sun san ta a Arfa, ita ce ke ba su inuwa ranar tsayuwa. Aibinta shara, da 'ya'yan da tsuntsaye da jemagu ke zubarwa, da reshe mai karyewa idan habub, guguwar ƙura, ta taso, wanda in yana kan rufin kwano ko wayar wuta sai an yi asara. Duk da haka in tana wuri mai kyau, ita ce itacen da na tabbata tana ƙara wa gida daraja a idon mai zama.

Damas kuwa ina ganin an yi gaggawar ƙaunarsa. Asalinsa gaɓar Somaliya da Yaman, yana girma da sauri, yana yin kore shar, ana yanka shi ya zama shinge, shi ya sa ya cika sababbin unguwanni. Amma saiwarsa mai neman ruwa ce, ba ta gajiya. Tana samun ƙaramar kafa a mahaɗar bututu ta shiga, ta yi gashi a ciki ta toshe shi, ta kai ga tankin saifon, inda ruwan banɗaki ke taruwa. Wanda ya san kuɗin haƙa saifon da rijiyarsa ya san yana cikin abubuwa mafi tsada a gida, har simsar kan ambace shi kafin ya ambaci yawan ɗakuna. Jihar Gujarat ta Indiya ta hana dasa wannan jinsi a 2023. Jerin damas a jikin katanga, mita ɗaya daga bututu, a wurina ragi ne a farashi, komai kyansa a ido.

Miskit, itace mai ƙaya, ba ya bukatar dogon bayani ga mutumin Kasala ko Halfa Jadida. An shigo da shi a 1917 don tare yashi, ya mamaye gonakin Gash da Tokar, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Filin da miskit ya kama, ko gidan da aka bari shekara biyu ya tsiro a ciki, sai an cire kuɗin tumɓuke shi daga farashi, kuma sara ba ta kashe shi, sai an tono.

Masu 'ya'ya su ne suka dace da ƙaramin fili. Lemun tsami ba ya tsayi, kuma babu gidan Sudan da ke wuni bai nemi lemo ba. Gwaba, zogale da lalle haka, kuma matan gida sun san abin da suke ragewa na cefane. Mangwaro yana son wuri da ruwa, ya fi dacewa da manyan gidajen bakin kogi irin na Mai Wurno da Sinja. Magarya da aduwa da tsamiya, waɗanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira sidir da hijlij da aradeb, 'yan ƙasa ne, ba sa neman komai, sai dai jinkirin girma, da ƙaya a biyun farko. A nan dole a sa kuɗin ruwa a lissafi. A Mai Wurno kogi yana kusa. A Gadarif da Bur Sudan, inda unguwanni da yawa ke sayen ruwa ganga-ganga daga karo, amalanken jaki, musamman bayan madatsar Arba'at mai ba Bur Sudan ruwa ta fashe a Agustan 2024, itacen da ba ya rayuwa sai da ban ruwa nauyi ne na kowane wata, mai saye kuma yana ganin haka.

Dabino yana da matsayi na daban, kuma shi ne ke nuna cewa ƙasar nan ta san kimanta itace tun da daɗewa. A arewa, wajen Dungula da Marawi, dabino dukiya ce mai zaman kanta, ana gadonta, ana raba itace ɗaya tsakanin mai ƙasa da wanda ya kawo dashe da wanda ya yi ban ruwa. Da aka tashi mutanen Wadi Halfa a 1964 saboda madatsar Aswan, da kuma lokacin madatsar Marawi, ƙirga dabino aka yi ɗaya-ɗaya aka biya diyya. A tsakar gida saiwarsa siririya ce, ba ta kauri ta ɗaga bango, sai dai inuwarsa kaɗan ce, kuma a yankunanmu masu ruwan sama damina tana lalata 'ya'yan kafin su nuna.

Shari'a ma ba ta bar batun ba. A fiƙihun Malikiyya sayar da fili yana haɗawa da gini da itatuwan da ke cikinsa. 'Ya'yan da suka riga suka ƙullu kuwa suna da hukuncinsu: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wanda ya sayar da dabino bayan an yi masa barbara, 'ya'yan na mai sayarwa ne sai in mai saye ya sa sharaɗi. Saboda haka gidan da mangwaronsa ya yi nauyi, a faɗi na wane ne a gaban shaidu. Na kuma taɓa ganin gidan da aka sayar, kafin a miƙa mabuɗi 'yan'uwan mai shi suka sare itacen suka sayar wa mai gawayi, aka yi ta shari'a tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya. Jimla ɗaya a takardar ciniki da ta hana wannan. Sai haƙƙin maƙwabci. Reshen da ya tsallaka katanga da saiwar da ta shiga saifon ɗin wani suna ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Abu Dawuda ya kawo labarin Samura ɗan Jundub, mai dabino a cikin lambun wani Ba'ansare, shigarsa tana takura iyalin mutumin. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi ya sayar ya ƙi, ya nemi ya yi musaya ya ƙi, ya nemi ya bayar kyauta ya ƙi, sai ya ba da umarni a tumɓuke. Wanda ya sayi gida da itacen da ake rigima a kansa ya sayi rigimar. Kafin a biya, a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci a gaisa a tambaya.

To yaya mutum zai sa wa itace kuɗi alhali babu wanda ya rubuta masa farashi? Hanyar da na ba Kawu ita ce ya tambayi abin da zai kashe in babu shi, ya cire abin da zai kashe saboda shi. A gefe ɗaya kuɗin rakuba mai faɗin inuwar, da sabunta ta, da ƙarin fanka ko mukayyif na ɗakin yamma, da lemo ko zogalen da ba zai saya ba. A ɗaya gefen kuɗin mai aski duk shekara, da gyaran tsaga in akwai, da sauya bututu in saiwa ta kusa, da ruwa. Akwai kuma abin da ba ya shiga kowane gefe, wato shekaru. Mai kuɗi yana iya tayar da ɗaki cikin wata biyu, amma darbejiyar da aka dasa yau sai ta yi shekara biyar zuwa bakwai kafin a shimfiɗa tabarma a gindinta, kafin ta kai irin wadda muka gani kuwa yaran gidan sun yi aure. Kawu ya haura sittin. Da na faɗi wannan sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ni ba zan iya dasa irinta in zauna a ƙarƙashi ba."

Muka koma gidan farko da la'asar tare da wani tsohon magini daga cikin mutanenmu. Na auna da taku daga gindin itacen zuwa bangon ɗaki mafi kusa, taku tara, yana yamma da ɗakin, inuwar ta hau bangon tun kafin ƙarfe uku. Saifon yana can ɗaya gefen gidan. Maginin ya bi bango da hannu ya sami tsaga mai matakala a katangar waje, kusa da itacen, ɗakunan kuwa lafiya lau, ƙofofi suna rufuwa. Ya ce, "Alhaji, katangar nan sai an sake mita huɗu, a bar mata tazara, reshen da ke kan kwano kuma a sauke shi kafin damina." Muka shiga wurin maƙwabci na yamma, dattijo ne, ya ce shi da itacen ba su da matsala, shara ce kawai, ita ma jikoki ke yi. Kawu ya sa maginin ya ƙiyasta kuɗin katangar da na askin, ya kai wa simsar ya ce a cire daga farashi. Mai gidan ya yarda da rabi. A takardar ciniki Kawu ya sa aka rubuta cewa itacen yana cikin abin da aka saya, kuma ba za a taɓa shi ba har a miƙa mabuɗi.

Ranar da suka tare, Inna ta sa aka ajiye zir biyu a gindin darbejiyar, ta kuma aiko mini in kawo mata dashen lemun tsami daga Mai Wurno. Na kai mata guda biyu, muka auna taku huɗu daga bangon kicin kafin a haƙa rami.